Nauyin Jirgi da Halin Bahar Maliya: Sharhi kan Zaɓen Jirgin Filafilai a Jidda

Tun daga watan Satumba na 2019, lokacin da Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido, gaɓar Jidda ta soma karɓar wani nau'in jiragen ruwa da ba na fatauci ba ne, ba kuma na masunta ba. A 2021 aka buɗe matsayar Jeddah Yacht Club a arewacin birnin, a shekarar ce kuma aka kafa Hukumar Bahar Maliya ta Saudiyya domin tsara harkokin shaƙatawa a teku, sannan daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba na 2023 birnin ya karɓi zagayen share fage na gasar Kofin Amurka, inda aka ga ƙananan jirage na AC40 suna ɗagawa sama da ruwa suna gudun da ya haura kilomita 70 a awa. Duk wanda wannan ya ja hankalinsa har ya fara tunanin mallakar jirgi, zai ci karo da wani tsohon ra'ayi da ya daɗe yana yawo a tsakanin matuƙa, cewa jirgi mai nauyi shi ne mai ƙarfi, mai ƙarfi shi ne mai aminci, saboda haka wanda yake son ya riƙa fita yawon yini ɗaya, kuma wata rana ya tare a cikin jirgin, to ya nemi mafi nauyin da aljihunsa zai ɗauka. Ra'ayin yana da tushe, amma ya cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe, kuma an gina shi ne a kan tekunan da halinsu ya saɓa wa na Jidda.

Ma'anar kalmomin

Jirgin filafilai shi ne wanda iska ke turawa ta hanyar manyan ƙyallaye masu kauri da ake ɗaurawa a jikin jigo, wato dogon turken da ke tsaye a tsakiyar jirgin, kuma waɗannan ƙyallaye su ne Larabawa ke kira shira'i. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne na tafiye-tafiye, mai ɗakin kwana da madafa da makewayi da ƙaramin injin dizal, wanda tsawonsa yakan kama daga mita 9 zuwa 14. A ƙarƙashinsa akwai abin da ake kira kil, wani faffaɗan allo mai ɗauke da dalma ko baƙin ƙarfe, wanda ke hana jirgin kifewa idan iska ta kwantar da shi, yake kuma hana shi zamewa gefe. Kil iri biyu ne a taƙaice: dogo, wanda ke bin kusan duk tsawon cikin jirgin kuma an gina shi tare da gangar jiki, da gajere mai zurfi, wanda galibi ake ɗaurewa da manyan kusoshi. Marsa kuwa ita ce matsayar da ake ɗaure jirage, inda ake samun wutar lantarki da ruwan sha.

Kalmar nauyi ce ta fi buƙatar bayani, domin masu zana jirage ba sa nufin yawan tan kawai, suna nufin yawan tan idan aka gwada shi da tsawon sashen jirgin da ke taɓa ruwa. Suna da wani lissafi da suke yi a kan wannan, wanda ke fitar da lamba guda: ƙasa da 200 jirgi marar nauyi ne, daga 200 zuwa 300 matsakaici, abin da ya haura 300 kuma mai nauyi. Westsail 32, wanda aka ƙera sama da guda 800 nasa a Amurka a shekarun 1970, nauyinsa ya kusa tan 9 alhali tsawonsa a kan ruwa ƙafa 27 da rabi ne, lambarsa kuma ta wuce 400. Da za a shimfiɗa wannan tan 9 a kan jirgi mai ƙafa 36 a ruwa, da ya faɗa cikin marasa nauyi. Akwai kuma iyakar gudu da tsawon jirgi ke gindayawa, domin jirgin da ke ratsa ruwa yana tayar da igiya a gabansa wadda ba ya iya haye ta, kuma ga Westsail 32 wannan iyaka tana wajen kilomita 13 a awa. Mai nauyi da marar nauyi masu tsawo ɗaya iyakarsu kusan ɗaya ce, bambancin shi ne yawan iskar da kowanne ke buƙata kafin ya kai ta.

Inda ra'ayin ya samo asali

Darajar jirgi mai nauyi ta fito ne daga arewacin Turai. A 1893 Colin Archer ya ƙera wa ƙungiyar ceto ta ƙasar Norwe jirgi mai kauri, mai tsini gaba da baya, wanda aikinsa shi ne ya tsaya a teku cikin hunturu yana jan kwalekwalen masunta zuwa gaɓa. Ba'amurke William Atkin ya rage girman wannan siffa domin masu tafiya don sha'awa, kuma a kan zanensa aka gina Suhaili da katakon tik a Bombay, jirgin da Robin Knox-Johnston ya zagaya duniya da shi shi kaɗai ba tare da ya yada zango ba, cikin kwana 312, daga 1968 zuwa 1969. Shekara goma bayan haka guguwa ta faɗa wa gasar Fastnet ta 1979, wadda jirage 303 suka shiga, mutum 15 daga cikin 'yan gasar suka rasu, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna cewa wasu jirage masu faɗi marasa nauyi sun fi saurin kifewa, sun kuma fi jinkirin miƙewa. A 1991 wani Westsail 32 mai suna Satori, wanda aka kwashe mutanen cikinsa a tsakiyar guguwa a gabashin Amurka, ya fito gaɓa da kansa bayan kwanaki ba tare da wata babbar ɓarna ba. Daga irin waɗannan labarai ra'ayin ya kafu.

Sai dai tun 1973 Robert Perry ya fito da Valiant 40, mai matsakaicin nauyi da gajeren kil, wanda ya nuna cewa ana iya ƙetare teku lafiya da jirgin da bai kai na Archer kauri ba. A yau kuma yawancin jiragen da ke ratsa Tekun Atlantika a ayarin ARC, wanda ke tashi daga Las Palmas duk shekara tun 1986, na masana'antu ne irin su Beneteau da Jeanneau da Bavaria da makamantansu. Ƙarfin jirgi yana zuwa ne daga ingancin ƙira da yadda aka haɗa sassansa da yadda aka kula da shi, kuma nauyin da ke cikin katakon ado ko rufin daɓe mai kauri ba ya ƙara aminci ko kaɗan, yana ma rage shi, tunda nauyi ne da ke sama. Nauyin da ke da amfani ga daidaito shi ne wanda ke can ƙasa a cikin kil.

Halin tekun Jidda

Bahar Maliya doguwa ce siririya, tsawonta wajen kilomita 2,250, faɗinta kuma bai wuce 355 ba a inda ta fi buɗewa. A rabinta na arewa, wanda Jidda ke bakin iyakarsa, iska tana busowa ne daga arewa maso yamma kusan duk shekara, yayin da a kudu take juyawa ta taso daga kudu maso gabas a watannin sanyi. Wannan ne ya sa tun zamanin da, manyan jiragen fatake daga Indiya suke sauke kaya a Jidda, a ɗora wa ƙanana su ƙarasa da shi Masar, domin hawa arewa da filafilai wahala ce. Halifa Usman ɗan Affan ne ya mayar da garin tashar Makka a wajen shekara ta 647 maimakon Shu'aiba. Duwatsun murjani da suka kewaye mashigar sun zama katanga gare shi: a 1517 jiragen yaƙin Fotugal ƙarƙashin Lopo Soares de Albergaria sun iso, suka koma ba tare da sun ci garin ba, saboda ƙuncin mashigar da igwogin Salman Ra'is da ke tsaronta. Ibn Jubair, wanda ya ƙetaro daga Aizab a 1183, ya bayyana jiragen wannan teku da cewa ɗinka allunansu ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, ba a buga musu ƙusa. Alhazan ƙasar Hausa da suka bi hanyar ƙasa ta Chadi da Sudan, waɗanda zuriyar da yawa daga cikinsu ke zaune a Jidda da Makka da Madina a yau, sun ƙetaro daga Sawakin ne a cikin sambuk, jirgin katako marar zurfin ciki. Maƙeran wannan yanki ba su bi hanyar Archer ba, domin abin da ke kashe jirgi a nan murjani ne, ba dogayen raƙuman ruwa na teku mai faɗi ba.

Abubuwa uku ne wannan yanayi ke nema daga jirgi. Na farko shi ne iya hawa iska, wato tafiya zuwa inda take fitowa, abin da jirgin filafilai ba ya yi kai tsaye sai ta karkace dama da hagu. Gajeren kil mai zurfi ya fi iya wannan nesa ba kusa ba, dogon kil kuwa yana buɗe kusurwa yana zamewa gefe, har tafiyar da ta kamata ta ci awa huɗu ta ci shida. Raƙuman ruwan Bahar Maliya gajeru ne masu tsayi, suna zuwa kusa da juna, kuma a nan ne masu goyon bayan nauyi suke da hujja ta gaskiya, domin jirgi marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen ciki yana dukan ruwa da ƙarfi har ya tsaya cik, mai nauyi kuma yana ratsawa da ƙarfin tafiyarsa. Amma gajeren jirgi mai nauyi mai dunƙulallen gaba yakan shiga sunkuyo da ɗagowa a wuri ɗaya, ya kasa ci gaba sai an tayar da inji. Shi ya sa masu nufin Rabig ko Yanbu daga Jidda sukan tashi kafin asuba, su ci nisa da inji kafin iskar rana ta ƙarfafa, kuma girman tankin mai da lafiyar inji suna cikin abubuwan da ake fara tambaya a wannan gaɓa.

Na biyu shi ne zurfin ciki. A nan dogon kil yana da fifiko biyu, domin bai cika nitsewa ƙasa sosai ba (na Westsail 32 mita ɗaya da rabi ne), kuma idan ya hau dutse yakan goge ne ya tsira, yana kare farfela da allon tuƙi da ke bayansa. Gajeren kil da ya daki murjani da gudu yana iya tsaga inda aka ɗaure shi, ɓarnar da ba kullum ake ganinta da ido ba. Hatsarin Cheeki Rafiki a Tekun Atlantika a 2014, inda kil ya rabu da jirgin mutum huɗu suka rasu, ya sa aka ƙara mai da hankali ga jiragen da suka taɓa hawa dutse aka gyara. A tsakiyar Bahar Maliya cikar ruwa da janyewarsa na kullum kaɗan ne ƙwarai, saboda haka jirgin da ya maƙale ba ya da begen ruwa ya ƙaru ya ɗaga shi bayan 'yan awoyi, kamar yadda ake yi a gaɓar Ingila. Na uku shi ne saurin juyawa, domin ana bi tsakanin murjani ne da ido, lokacin da rana ta ɗaga kuma tana bayan matuƙi, launin ruwa yana nuna zurfinsa. A wannan fanni, dogon kil ne ke baya: yana da nawar juyawa, kuma idan ana ja da baya da inji a cikin marsa ba ya bin umarni yadda ake so.

Buƙatu biyu a jirgi ɗaya

Yawon yini da zaman dindindin suna jan zaɓi zuwa ɓangarori biyu, taura biyu kuma ba ta taunuwa a baki ɗaya. Mai fita daga Sharm Ubhur, mashigin ruwan da ke arewacin birnin inda jiragen shaƙatawa suka fi yawa, yana da awa huɗu ko biyar ne, yana son ya kwance igiya cikin 'yan mintoci, ya ɗaga filafilai ba tare da taimakon mutum uku ba, ya kai wani tsibirin murjani a yi ninƙaya, ya dawo kafin magariba. Da safe iska takan yi rauni, kuma jirgi mai nauyi, wanda faɗin jikinsa da ke gogar ruwa ya fi yawa, ba ya motsi sosai sai ta ƙarfafa, har ma matuƙan Amurka sun yi wa Westsail laƙabin dodon koɗi. Sakamakon da aka saba gani shi ne mai jirgin ya riƙa yawo da inji, ko kuma ya rage fita, tunda kowace fita ta zama aiki.

Mai zama a ciki kuwa lissafinsa na kaya ne. Idan mutum huɗu ne, kowanne yana amfani da lita 15 a yini wajen sha da girki da alwala da ɗan wanka, mako biyu zai ci lita 840, wato kilo 840 na ruwa kaɗai, kafin a zo ga mai da batura da sarƙar anka da kayan gyara da abinci. Tan ɗaya da rabi a kan jirgi mai tan 10 ƙarin kashi 15 cikin ɗari ne, a kan mai tan 5 kuwa kashi 30 ne, wanda zai sauya tafiyarsa da daidaitonsa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta jirgi mai nauyi, tare da laushin motsinsa, wanda ke rage jiri da amai, ya bar mutum ya yi girki ko ya yi barci. Misalinsa da marar nauyi kamar raƙumi ne da doki, kowanne da tafiyar da aka san shi da ita.

Amma zama iri biyu ne, kuma a nan ruɗanin ya fi yawa. Wanda zai zauna a marsa, da wutar lantarki da famfo a gefensa, ba ya buƙatar ɗaukar tan na ruwa, abin da yake buƙata shi ne fili. Jiragen zamani masu faɗin baya suna ba da ɗakuna uku da makewayi biyu a tsawon mita 12, tsofaffin masu nauyi kuma ƙuntatattu ne, ɗakinsu na sirri ɗaya ne ko biyu. Ga iyalin da ke son raba wurin maza da na mata idan baƙi sun zo, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, shi ne ma dalilin da ke kai wasu ga katamaran, jirgi mai ganga biyu wanda ba ya kwanciya gefe kuma ba ya nitsewa ƙasa sosai, ko da yake kuɗin matsayarsa ya fi yawa saboda faɗinsa, hawan iskarsa kuma ba abin yabo ba ne. Nauyi yana biyan kuɗinsa ne ga wanda zai yi makonni a kan anka nesa da gari, a gaɓar Al-Lis ko tsibiran Farasan, ko kuma yake da niyyar fita daga Bahar Maliya gaba ɗaya.

Zafi da gishiri

Jiragen da aka zana domin arewacin Turai an yi su ne don su tsare ɗumi: tagoginsu ƙanana ne, cikinsu duhu, daɓensu sau da yawa na katakon tik. A Jidda, inda zafin bazara ke kai maki 40 tare da laima mai yawa, har ya taɓa kai 52 a watan Yuni na 2010, irin wannan daɓe yana ƙona tafin ƙafa, yana kuma tura zafi cikin ɗaki har dare. Ruwan tekun kansa yana haura maki 30 a bazara, saboda haka ba ya sanyaya gangar jirgi, yana kuma wahalar da injin da firji da ke dogara da shi. Zama a ciki daga Yuni zuwa Satumba ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba abu ne mai wuyar jurewa, na'urar kuma tana buƙatar wutar marsa ko janareta, domin faifan sola da jirgi mai mita 11 ke iya ɗauka ya fi dacewa da firji da fitilu da fanka. Yawan ƙofofin sama masu shigo da iska, da farin daɓe, da rumfa mai rufe wurin tuƙi, sun fi tan biyu na ƙarin nauyi amfani ga mazaunin wannan gaɓa.

Gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin na tekunan duniya 35 ne. Wannan yana gaggauta tsatsa, yana rage yawan ruwan da na'urar tace gishiri ke fitarwa, ɗumin ruwan kuma yana sa ƙananan halittu masu ɓawo su manne wa cikin jirgi da sauri. Dogon kil yana da faɗin jiki mai yawa da za a kankare a shafa wa fenti, kuma dauɗar tana ƙara masa nawar da yake da ita tun asali. Rana tana cin zaren ɗinkin filafilai da igiyoyi, ƙura kuma tana shiga duk wani abu mai juyawa.

Doka, kuɗi da binciken jirgi

Fita teku a Saudiyya tana ƙarƙashin kulawar rundunar tsaron iyaka, wadda ake kira Harasul Hudud, kuma mallakar jirgi ba ta tsaya a madadin iƙama ko biza ga baƙo ba. Ko marsa tana yarda a kwana a jirgi na tsawon lokaci, tambaya ce da ake yi wa masu marsar kafin a biya kuɗin jirgi. Mafitar tekun biyu ce kawai, mashigin Suwez da aka buɗe a 1869 a arewa, da Babul Mandab a kudu, inda hare-haren da 'yan Husi suka fara kai wa jirage a Nuwamban 2023 suka sa inshora ta yi tsada ko ta gagara. Wanda ya sayi jirgi mai nauyi da mafarkin Tekun Indiya zai iya tarar da cewa hanyar da ta rage masa ita ce ta arewa, wato fiye da kilomita 1,000 na fuskantar iska, aikin da irin jirginsa ya fi rauni a kai.

Idan aka auna waɗannan duka, jirgin da ya fi dacewa da mafi yawan masu buƙatun biyu a Jidda shi ne matsakaici, mai lamba tsakanin 200 da 300, mai kil da ba gajere sosai ba kuma zurfinsa bai kai mita 2 ba, da allon tuƙi mai kariya, da wadatattun filafilai don iskar safe, irin siffar da Valiant 40 da jirage da dama na Hallberg-Rassy ta Suwidin suke da ita. Wannan hukunci ba ya rushe hujjar masu nauyi a inda take da ƙarfi: gasar Golden Globe, wadda ake yi da tsofaffin jirage masu dogon kil, Jean-Luc Van Den Heede ya lashe ta 2018 da Rustler 36, Kirsten Neuschäfer ta Afirka ta Kudu kuma ta lashe ta 2022 da Cape George 36. Sai dai a ta 2018 jirage 18 suka tashi, 5 kawai suka kammala, wasu kuma jigonsu ya karye a tekun kudu duk da nauyinsu.

Yawancin jirage masu nauyi da ke kasuwa an ƙera su ne a shekarun 1970 da 1980, saboda haka arahar farashinsu takan ɓoye kuɗin gyara. Kafin ciniki ana ɗauko safiyo, wato ƙwararren mai binciken jirgi wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, a ɗaga jirgin daga ruwa a duba ƙurajen da laima ke fitarwa a jikin faiba, da ruɓewar da ke ƙarƙashin daɓen tik inda dubban kusoshi suka huda shi, da ƙarafan da ke riƙe wayoyin jigo, da tankunan baƙin ƙarfe waɗanda a wasu jiragen Taiwan na wancan zamani ba sa fita sai an farke kayan ɗaki. Wayoyin jigo ana sauya su ne bayan kimanin shekara 10, kamfanonin inshora da yawa kuma suna neman shaidar hakan. Gwajin tuƙi ya fi amfani idan an yi shi sau biyu a yini ɗaya, da hantsi lokacin da iska ke da rauni, da kuma bayan azahar ana fuskantar arewa maso yamma, da tankuna cike, sannan a shiga da jirgin matsayarsa da baya.